Riskuwa da Baƙin Yamai

Riskuwa mutumin Zauro ne, ɗan manomin shinkafa, kuma da ya bi abin da ya tashi ya tarar, da cikin fadama zai ƙare kwanakinsa kamar ubansa da kakansa. Amma tun yana saurayi ƙarar mota ta shiga ransa. Shekarar da ruwa ya shanye musu gona tun shinkafa ba ta yi ciki ba, sai ya ƙulle 'yan tufafinsa ya shigo Birnin Kebbi da ƙafa, ya zauna garejin wani Bayarabe da ake kira Akanbi, can bayan tasha. Akanbi ya daɗe a garin, Hausar Kabi yake yi har da zaginta, kuma ba ya barin kowa ya taɓa sitiyari sai ya iya kwance inji ya mayar. Shekara shida Riskuwa ya yi a hannunsa kafin ya kai shi Sakkwato ya karɓo lasin.

Ya ja motar haya tsakanin Birnin Kebbi da Jega na ɗan lokaci, sannan ya sami aiki a wata kwaleji ta garin. Aka ɗinka masa kaki, aka danƙa masa farar bas mai kujera goma sha takwas. Ya auri Ma'u, ɗiyar ƙanen uwarsa, suka kama ɗaki biyu a Gwadangaji. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana, goro ba ya rabuwa da aljihunsa. Aikinsa kai ɗalibi marar lafiya asibiti, kai 'yan ƙwallo Jega ko Yawuri, ɗauko malamai daga taro a Sakkwato, wani lokaci har kai gawa ƙauye in wani ma'aikaci ya yi rashi. Shekara tara yana wannan aiki, ko fitila bai taɓa fasawa ba.

A daminar 1988, lokacin Birnin Kebbi na cikin Jihar Sakkwato, kwalejin ta yi musayar ɗalibai da wata makaranta ta Yamai. Nasu suka tafi can koyon Faransanci, na can suka zo nan koyon Turanci na mako shida. Su goma sha huɗu ne, maza tara, mata biyar. Wasu Zabarmawa ne, wasu kuma Hausawan Dogondutsi da Ƙonni. A mako na uku aka shirya a kai su Argungu ranar Asabar su ga gari.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci shugaban kwalejin ya aika a kira Riskuwa ofis, abin da bai taɓa yi ba.

"Riskuwa, gobe kai za ka kai baƙinmu Argungu," in ji shi. "Waɗannan ba irin ɗalibanmu ba ne da za mu je mu ba iyayensu haƙuri. Amanar wata ƙasa ce. In ɗaya ya yi ko ƙwarzane, sai an ji maganar har Legas. Ka gane?"

"Na gane, ranka ya daɗe."

Riskuwa ya fito. Ya koma gindin bas ya sake duba birki da mai da tayoyi, duk da ya duba su da safe.

Wanda aka haɗa shi da shi ya jagoranci tafiyar shi ne Malam Kalilu, malamin Faransanci, saurayi ɗan Sakkwato wanda bai fi shekara biyu da kama aiki ba. Mutumin kirki ne, sai dai idonsa ba ya barin agogo. Tun kafin su tashi ya gaya wa Riskuwa cewa lalle ƙarfe shida ta same su a gida, domin shugaba ya shirya wa baƙin walima, har da manya daga Sakkwato za su zo.

Tafiyar safe ta yi daɗi. Gari ya waye wasai, fadama ta yi kore shar a hannun hagu har inda ido ya tsaya. Wata ɗaliba mai suna Fadimatu, 'yar Dogondutsi, ta zauna a kujerar da ke bayan direba. Da ta buɗe baki sai Riskuwa ya ji Hausarta kusan irin tasu ce, sai dai ita mota mato take ce mata, malami kuma mushe. Baba take kiran sa. Da suka zo Zauro ya rage gudu ya nuna mata wajen gonarsu, ta juya ta faɗa wa sauran, suka leƙo tagogi suna kallo. Can kujerar baya akwai wani dogo siriri mai suna Abdussamadu, Bazabarme, da kyamara rataye a wuya da jar jaka a cinya. Hausarsa ba ta wuce gaisuwa da tambayar kuɗin abu ba. Duk inda aka tsaya shi ne na ƙarshen shiga mota.

A Argungu aka kai su gidan tarihi na Kanta, suka ga tsofaffin masu da takubba da tambura. Daga nan suka sauka Matan Fada, bakin gulbi. Ba lokacin bukin kamun kifi ba ne, gulbi ya cika ya batse, ruwan ja wur yana tafe da ciyayi. Riskuwa bai zauna ba, yana bin bayansu yana cewa su ja da baya daga gaɓa, har Fadimatu ta yi masa dariya. Suka ci abinci, masu salla suka yi azahar, sannan suka roƙi a bar su su zaga kasuwa su sayi bandar kifi da tabarmi.

Suna cikin kasuwa hadari ya taso daga gabas. Riskuwa ya ɗaga kai ya gan shi baƙi ƙirin, ƙasansa ya yi fari-fari, ya san ba ƙaramin ruwa ba ne. Ya shiga danna oda. Kafin su taru iska ta fara kwashe rumfuna, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ɗalibai suka riƙa shigowa da gudu, a jiƙe, suna ture juna suna dariya. Malam Kalilu ya tsaya bakin ƙofa ya yi tambaya da Faransanci, aka amsa masa baki ɗaya, ya ja ƙofa ya rufe.

"Mu tafi, kowa ya shigo."

Al'adar Riskuwa ce ya juya ya ƙirga mutane da yatsa kafin ya tayar da mota. Ran nan bai yi ba. Gilashi ya yi hazo, wasu na tsaye suna matse riguna, ruwa na dukan rufin mota har ba a jin magana. Ya duba madubi ya hango jar jakar nan a kujerar baya, ya sa giya.

Sun wuce Alwasa da kaɗan suka iso wani kwalbati, inda rafi ke saukowa daga tudu ya ratsa ƙarƙashin titi ya faɗa fadama. Da safe da suka wuce, ɗan ruwan da ke ciki bai kai ya jiƙa idon sawu ba. Yanzu titin ya ɓace. Jan ruwa ne ke gudu a kansa daga hagu zuwa dama, faɗinsa ya kai taki hamsin, sai can gaba kwalta ta sake fitowa. Riskuwa ya taka birki.

"Malam, ba mu shiga ruwan ga," ya ce. "Ruwan tudu na. In munka jira awa biyu shina wucewa."

Malam Kalilu ya duba agogo. "Awa biyu? Riskuwa, mutane sun taso tun daga Sakkwato. Mi za ni ce ma shugaba?"

"A ce mai ruwa ya tare hanya."

Suna cikin haka wata babbar mota mai ɗauke da buhunan albasa ta zo daga bayansu, ta kauce musu, ta faɗa ruwan tana watsa shi hagu da dama, ta fita can gaba lafiya lau. Ɗalibai suka tafa mata.

"Ka gani?" in ji Malam Kalilu. "Bai kai rabin taya ba."

Riskuwa ya san tayar waccan motar ta kusa ninka tasa tsawo. Ya san kuma ruwan tudu ba ya tsayawa inda ka gan shi. Amma malami ya yi magana, mota ta wuce a gaban idon kowa, kuma shi mutum ne da bai saba musu da na sama da shi ba. Ya yi bisimilla, ya sa giya ɗaya, ya shiga.

Sun ci fiye da rabi lokacin da ya ji ruwan ya canza. Wani sabon tashi ne ya sauko daga tudu, ya bugi gefen bas har ta girgiza. Inji ya yi tari sau biyu ya mutu. Ya murɗa makulli, ba ta ce komai ba. Ya sake murɗawa. Ruwa ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ya ji sanyinsa a tafin ƙafa. Sannan bayan motar ya fara zamewa a hankali zuwa dama, kamar wani ne ke tura ta da kafaɗa, har tayar baya ta faɗa inda ruwa ya cinye gefen titi. Bas ta karkata ta tsaya.

Dariya ta ɗauke. Wata ɗaliba ta fara kuka. Kaya suka zube daga kujeru suka taru gefe ɗaya, wata tagar baya ta zuge da kanta, ruwa ya shiga yana kwasar abin da ya samu. Wani ɗalibi ya yi tsalle ya kama marikin ƙofa.

"Kada ya buɗe," Riskuwa ya ce wa Fadimatu. "Ki ce mai kada ya buɗe. Nan wajen rami na, wanda duk yaf fita nan ya tahi."

Ta faɗa da ƙarfi cikin Faransanci, ɗalibin ya saki. Malam Kalilu na riƙe da ƙarfen kujera da hannu biyu.

Riskuwa ya tashi a bakin gulbi, ya iya iyo tun kafin ya iya karatun allo. Da shi kaɗai ne da bai damu ba. Amma da ya juya ya ga fuskokin nan duk sun zubo masa ido, sai tsoro ya kama shi. Ya ji bakinsa ya bushe, goron da ke ciki ya zama kamar ƙasa. Duk lokacin da ruwa ya bugi motar sai ta ɗan motsa.

Ya ce kowa ya dawo gefen hagu, gefen da ya ɗaga sama, kada wanda ya ɗauki kaya. Ya tura ƙofar direba da ƙyar ya sauka. Ruwa ya kai masa ƙugu, ya manna shi jikin mota. Ya bi jikinta har gaba, ya hau kan bamba ya shiga kiran mutane da iyakar muryarsa.

Allah ya sa akwai wata 'yar tunga kusa. Wani dattijo mai suna Hodi ya fake gindin tsamiya a gefen Birnin Kebbi tare da wasu magidanta uku, sun taso daga gona ruwa ya tare su. Sun ga shigar motar, sun ga tsayawarta. Ɗaya ya ruga tunga ya dawo da doguwar igiya da babban gora irin na masunta. Suka ɗaure igiyar a tsamiya, Hodi da kansa ya tuɓe riga, ya haura sama kaɗan, ya kwanta kan goran ya bar ruwa ya kawo shi gaban motar.

"Wa yac ce ka shiga?" shi ne abin da Hodi ya fara cewa.

"Baba, a taimake ni. Ɗiyan mutane na, baƙi."

Suka ɗaure bakin igiyar a bamba. Hodi da mutanensa suka jeru a jikinta, Riskuwa ya koma ƙofar direba yana fito da ɗalibai ɗaya bayan ɗaya, yana ɗora hannun kowa a kan igiya yana miƙa shi ga na gaba. Mata aka fara fitarwa. Fadimatu ta ƙi fita, ta ce in ta tafi wa zai faɗa musu abin da yake cewa. Wata Bazabarma ta ƙanƙame kujera ta rufe ido, ba ta ji ba ta gani, sai da Riskuwa ya ɓamɓare yatsunta ya goya ta har tudu, tana shaƙe masa wuya. A tsakiyar hanya ƙafarsa ta zame, ruwa ya rufe su duka biyu, ya taso da hannu ɗaya a igiya. Bai san sau nawa ya je ya dawo ba. Fadimatu ta fita, Malam Kalilu ya fita, Riskuwa ya leƙa cikin motar ya ga ruwa ya rufe kujerun baya, ba kowa, sannan ya biyo igiya.

Ruwan sama ya fara tsagaitawa. Ɗalibai suka taru gindin tsamiya suna rawar ɗari, wasu na amai. Riskuwa ya tsaya gabansu ya ɗaga yatsa ya ƙirga. Goma sha uku. Ya share ido ya sake. Goma sha uku.

"Malam, ƙirga min."

Malam Kalilu ya ƙirga, ya ciro jiƙaƙƙiyar takarda daga aljihu ya kira sunaye. Da ya zo kan Abdussamadu ba wanda ya amsa.

Aka shiga tambayar juna. Wani ya ce ya gan shi a baya, kusa da taga. Wata ta ce ba ta tuna ba. Wani ya ce kamar ya ji muryarsa lokacin da mota ta karkata. Suna cikin wannan ne ɗaya daga mutanen Hodi ya nuna ƙasa da kwalbati. Jar jaka ce maƙale a wani reshe, ruwa na kaɗa ta.

Riskuwa ya tuna tagar bayan nan da ta zuge, da siririn jikin saurayin. Nan take ya gangara. Hodi ya kira shi, bai waiwaya ba, sai dattijon ya ɗauki goransa ya bi shi.

Ƙasa da titi rafin ya yi gudu na ɗan tsawo cikin kwari, sannan ya baje cikin gonakin shinkafa. Nan Riskuwa ya shiga, ruwa wani wuri gwiwa, wani wuri ƙirji. Yana tafe yana laluba ƙasa da ƙafa, yana buɗa shinkafa da hannu, yana kiran sunan. Ya san yadda ake neman wanda ruwa ya ci, ya taɓa yi yana saurayi a Zauro, ya san kuma yadda ake samun su. Duk abin da ƙafarsa ta taɓa mai taushi sai ya sunkuya ya duba. Sau ɗaya ya hango wani abu fari ya kumbura a jikin kunya, ya tsaya ya kasa matsawa, sai Hodi ne ya je ya juya shi da sanda. Tunkiya ce.

Ba maganar Legas ce ke ransa ba a lokacin, ba kuma aikinsa ba. Wata mace yake gani a Yamai, wadda bai taɓa gani ba, zaune a tsakar gida, an shigo ana gaya mata. Yana ta maimaita wa kansa cewa shi ya ce ba a shiga, kuma shi ya shiga. Ƙaya ta yage masa ƙafa bai ji ba. Muryarsa ta dushe har sunan ya daina fita.

"Ɗana," in ji Hodi, "rana ta kusa faɗuwa. In yana nan, sai ruwa ya janye gobe mu gane shi. Mu hita."

"Baba, ina za ni hita in tahi?"

"Ka hito dai. Ba ka da sauran ƙarhi, kada mu nemi mutum biyu."

Cikin neman sun ƙetare rafin ta inda ya baje ba su sani ba, don haka da suka hauro titi sai suka fito ta gefen Argungu. Motoci huɗu ko biyar sun yi layi a nan suna jiran ruwa ya wuce. Mutane sun taru suna kallon farar bas ɗin da ke karkace a tsakiya, ruwa har tagogi. Tsamiyar da ɗalibai suke tana can ƙetare, bayan wani lanƙwasa, ba a hango ta sosai.

A gefen taron wani ya zauna dirshan a kan kwalta, ya haɗa kai da gwiwa, kafaɗunsa na girgiza. Wata mai tallar gyaɗa na tsaye kansa tana ba shi haƙuri, shi kuwa ba ya jin abin da take cewa. Riskuwa ya zo wucewa ya ga dogayen ƙafafun, ya ga igiyar kyamara a wuya. Ya tsaya. Sannan ya sunkuya ya kama wuyan hannunsa. Hannun da ɗumi, rigarsa ma ta kusa bushewa.

Abdussamadu ya ɗago. Da ya ga direba, jiƙe, da laka har gira, sai ya miƙe zumbur ya nuna motar.

"Sun mutu?" ya ce. "Duka sun mutu?"

"Ba wanda yam mutu," in ji Riskuwa. Muryar ba ta fita ba, sai da ya sake. "Ba kowa. Suna can."

Saurayin bai gane ba, sai da wani fasinja mai jin Zabarmanci ya fassara masa. Ta bakin mutumin nan Riskuwa ya ji yadda aka yi. Abdussamadu bai shiga motar ba tun daga Argungu. Ya ba abokinsa jakarsa ya riƙe masa, ya koma bakin gulbi ɗaukar hoton hadari, ruwa ya tare shi a wata rumfa. Abokin ya ajiye jakar a kujera, ya ɗauka mai ita na bayansa, daga baya tsoro ya mantar da shi komai. Da ruwa ya yi sauƙi Abdussamadu ya fito bai ga bas ba, ya hau motar kifi ya biyo su, ya iso ya tarar da abin da ya tarar, ba kuma wanda zai iya yi masa bayani.

Riskuwa ya saurara har ƙarshe, bai saki hannun ba. Sannan ya zauna nan kan titi. Hodi ya je bakin ruwa ya ɗaga murya ya sanar da na ƙetare. Daga can aka ji kururuwar mata ta tashi.

Bayan magariba ruwan ya janye, kamar yadda Riskuwa ya faɗa tun farko. Aka ƙetarar da Abdussamadu, wata motar haya ta kwashi ɗaliban da malaminsu zuwa Birnin Kebbi. Riskuwa ya ƙi bin su, ya ce ba ya barin motar hukuma a daji. Ya kwana a zauren Hodi. Da safe Akanbi ya iso da motar ja, domin labari ya kai gareji tun da asuba. Ya tsufa a lokacin, yana dogara sanda. Ya zaga bas ɗin, ya leƙa ramin da tayar ta faɗa, ya dawo ya dubi Riskuwa.

"Ni na koya maka wannan?"

"A'a, Baba."

Akanbi ya buɗe baki zai ci gaba, ya ga yadda idanun Riskuwa suka faɗa, sai ya juya ya shiga yi wa masu ɗaura sarƙa faɗa.

Zazzaɓi ya kwantar da Riskuwa kwana tara, ƙafar da ƙaya ta yaga ta kumbura. Ma'u ta ce ko ruwan wanka ta zuba a bokiti sai ya firgita. Ranar da ya koma aiki aka kira shi gaban kwamitin mutum uku. Suka tambaye shi wa ya ba da umarnin shiga ruwa. Ya ce shi ne direba, shi ya shiga. Suka tambaye shi ko ya ƙirga ɗalibai a Argungu, ya ce bai ƙirga ba. Ana shirin sallamarsa sai Malam Kalilu, wanda ke zaune a gefe, ya miƙe ya ce yana da magana. Ya faɗi duk yadda aka yi, har da abin da Riskuwa ya ce a bakin ruwa da abin da shi ya mayar masa. Ya ce shi ne kuma ya rufe ƙofa ya ce kowa ya shigo.

Dukansu biyu aka ba su takardar gargaɗi. Aka ɗauke Riskuwa daga ɗaukar ɗalibai aka mayar da shi kan akori-kurar da ke kawo itace da buhunan gero ɗakin girki. Abokan aikinsa suka zo yi masa jaje, shi kuwa a ransa daɗi ya ji. Da baƙin za su koma wani direba ne ya kai su iyaka ta Kamba. Kafin su tafi Fadimatu ta jagoranci biyar daga cikinsu har Gwadangaji suka gaishe shi, Ma'u ta yi musu tuwon shinkafa da miyar kifi. Bazabarmar da ya goya ta zauna kusa da Ma'u har suka tashi, ba mai jin yaren wata.

Bayan shekara biyu aka ce Riskuwa ya koma kan bas, ya roƙi a bar shi inda yake, aka bar shi. A kan akori-kurar nan aka yanke Jihar Kebbi, a kanta kuma ya yi ritaya. Ya kwashe iyalinsa ya koma Zauro, ya sayi shanun huɗa biyu, ya karɓi gonar ubansa daga hannun ƙanensa. Bai koya wa ko ɗaya cikin 'ya'yansa tuƙi ba, amma na biyun ya je ya koya da kansa, yana jan mota tsakanin Birnin Kebbi da Sakkwato.

Riskuwa ya rasu wata shekara bayan an gama yankan shinkafa, bayan gajeriyar jinya. Cikin masu zuwa ta'aziyya har da wani mai furfura da tabarau da ya zo daga Sakkwato a motar haya, mutanen gari ba su san shi ba. Ma'u ce ta ji muryarsa daga cikin gida ta ce Malam Kalilu ne, a shimfiɗa masa a zaure. Ya zauna tare da su har aka yi addu'ar uku, sannan ya koma.